Kabewar da Ta Haura Shinge

A bayan gidanmu, can gefen Kutaisi,
inda kogin Rioni ke gunaguni cikin dare,
akwai fili taku goma sha biyu a tsaye, bakwai a kwance.
Mijina Shalva ne ya auna shi da ƙafarsa
shekarar da muka tare,
ya ce ya ishe mu, mu da tukunyarmu.

Bana ni kaɗai na ja kunyoyin.
Ƙanƙara na narkewa a watan Maris,
ƙasa ta yi laushi kamar kwaɓin burodi,
na sauko da irin da ya ƙulle a tsohuwar safa
ya rataye bayan ƙofar kicin.
Ba rubutu a jikin ƙullin. Shi da ido yake gane kowanne.
Ni sai na shuka, na jira
ƙasa ta faɗa mini sunayensu.

Tumatir ya fara amsawa.
Sai wake, ya kama sandunan da na kafa masa
kamar yaro mai koyon tsayuwa.
Tafarnuwa tun kaka take ƙasa, hannunsa ya binne ta,
ta fito a karkace, yadda yake tafiya.
Ɗoɗɗoya mai jan ganye ta kewaye bakin rijiya,
na'ana'a kuwa, marar kunya,
ta faɗa kunyar albasa ba sallama.

Dodon koɗi ya cinye mini latas a dare biyu.
Na zuba toka, na barbaɗa ɓawon ƙwai,
na fita da tocila ina tsince su a bokiti,
ina yi musu faɗa da babbar murya
kamar sun ci bashina.

Iri ɗaya ban gane shi ba
sai da ganyensa ya kai faɗin faranti.
Ashe kabewa ce.
Ta yi yaɗo, ta wuce barkono, ta taka kokwamba,
ta kama wayar shinge,
ta haura gidan Tsiala.

Shekara tara ba mu gaisa ba.
A kan reshen ɓaure ne, wanda Shalva ya sare
don inuwarsa na hana tumatir nuna.
Ranar da aka kai shi makwancinsa ta tsaya daga nesa
da baƙin ɗankwali a kanta,
ni ma ban ɗaga ido ba.

Sau uku na ɗauko almakashi.
Sau uku na mayar da shi aljihu.
Ta can furen ya buɗe, ruwan ɗorawa,
ta can ya ɗaura ɗa.
Na leƙa ta ramin shinge:
an sa mata guntun katako a ƙasa
kada danshi ya ruɓar da ita.

A watan Agusta na yi kwana biyar a Tbilisi,
'yata ta haihu.
Na dawo, wake ya yi yaushi, latas ya tafi,
amma gindin kabewar jiƙe yake sharkaf,
a ɓangarena,
ga alamar inda aka watso ruwa ta saman waya.

Oktoba, da yamma, aka ƙwanƙwasa.
Tsiala ce, ta ƙara ranƙwafawa,
rungume da rabin kabewa a naɗe cikin tawul.
Ta ce, "Saiwar taki ce, wahalar tawa.
Na raba daidai, ki duba."
Ban duba ba.
Na ɗora shayi, na tsinko na'ana'a.

Ba wanda ya ambaci ɓaure.
Ta leƙa ta taga, ta ce na cushe waken,
baɗi in ba shi tazara.
Sannan ta zaro takarda daga aljihun rigarta,
'ya'yan kabewa ne, ba su gama bushewa ba,
ta ƙirga mini goma sha ɗaya a tafin hannu,
ta riƙe goma.